Binciken Barci da Damuwa a Tsakanin Matasa

Binciken barci da damuwa a tsakanin matasa wani fanni ne na ilimi da ke duba yadda matsin rayuwa ke hana yaro ko yarinya barci, da yadda ƙarancin barcin ke komowa ya ƙara musu damuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa da na yara, da masana halayyar ɗan Adam, da masana aikin gaɓoɓin jiki duk suna da hannu a cikinsa.

Fannin bai daɗe ba. A 1936 Hans Selye, yana aiki a Kanada, ya bayyana yadda jiki ke amsa matsi. A 1953 Nathaniel Kleitman da ɗalibinsa Eugene Aserinsky na Jami'ar Shikago suka gano matakin barcin da ƙwayar ido ke motsi da sauri, wanda a cikinsa aka fi yin mafarki. Wadda ta karkata hankalin masana zuwa ga matasa kuwa ita ce Mary Carskadon ta Jami'ar Brown a Amurka. Aikinta ya nuna cewa da zuwan balaga agogon jiki, wato tsarin da ke sa mutum jin barci da farkawa a kan lokaci, kan ja baya: matashi ba ya jin barci da wuri, alhali buƙatarsa ba ta ragu ba. Ke nan saurayin da ake ta bugun ƙofarsa da asuba ba lalle ne malalaci ba. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce a 2016 ɗan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10.

Sinadarai biyu ne jigon maganar. Melatonin, wanda ke shirya jiki ya yi barci, yana fita daga ƙwaƙwalwa idan duhu ya yi, haske kuma yana danne shi. Kotizol, wanda ke ƙaruwa idan mutum ya shiga damuwa, daga wata ƙaramar halitta da ke saman ƙoda yake fitowa; yana hawa da sassafe, ya sauka da tsakar dare. Damuwar da ta daɗe takan dagula wannan tsari. Mai bincike kan auna kotizol a yawu, ya ɗaura wa yaro wani agogon hannu mai lura da motsi, ko ya yi amfani da takardar tambayoyi kan ingancin barci irin ta Jami'ar Pittsburgh da aka fitar a 1989.

A karkarar Kano da Jigawa sai an yi hattara da waɗannan ma'aunai, domin an tsara su ne a inda mutum ke kwanciya sau ɗaya ya tashi sau ɗaya. A nan barci a rarrabe yake. Almajiri a tsangaya yana karatun dare a bakin wuta, ya sake tashi kafin asuba. Da bazara zafi kan kori mutane su kwana a tsakar gida ko ƙofar gida, da damina ga sauro ga sammakon gona, da azumi ga tashin sahur. Akwai kuma ƙailula, wadda tambayar "ƙarfe nawa ka kwanta?" ba ta kama ta. Yanzu an ƙaru da waya, da gidan kallon ƙwallo, da teburin mai shayi. Damuwar ma tana da kamanninta: kuɗin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, cinikin talla da bai kammala ba, maganar aure, tafiya ci-rani.

Harshe ma aiki ne. Yarinya za ta fi cewa "tunani ya yi mini yawa" ko "kaina na ciwo" a kan ta ce tana da damuwa. Abin da ake kira dannau, wato mutum ya farka ya kasa motsi, likitoci sun san shi: ƙwaƙwalwa ce ta farka jiki bai gama fita daga matakin mafarki ba, kuma ƙarancin barci na ƙara shi. Wanda ya yi wa wannan kalma dariya a ƙauye ba zai sake jin gaskiya daga bakin kowa ba.

Mai son wannan aiki kan fara da digirin likitanci ko na ilimin aikin jiki a irin Jami'ar Bayero ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ya wuce digiri na biyu da na uku. Kafin ya tambayi yaro ko ɗaya sai ya sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, da yardar iyaye, sannan ya je gaisuwa wurin dagaci da malamin tsangaya.