Idan aka binne iskar kabon, wa ke da alhakinta?

Tun 1996 ake tura iskar kabon dayoksaid, mai jawo ɗumamar yanayi idan aka sake ta sama, cikin dutsen yashi na Utsira, ƙarƙashin Tekun Arewa, daga filin gas na Sleipner a Norwe. Dutsen yana da ƙananan ƙofofi kamar soso, cike da ruwan zartsi wanda ba ya shawuwa. A zurfin da ya wuce mita 800, matsi kan sa iskar ta yi kauri kamar ruwa, sai wani dutse marar ƙofa da ke sama ya zame mata murfi.

Dabara ta riga doka zuwa. Sai a Afrilun 2009 Tarayyar Turai ta fitar da dokarta mai lamba 2009/31/EC.

Dokar ta ce babu mai zuba iskar sai da lasisi, kuma ba za a ba shi ba sai ya nuna babu wani babban haɗarin yoyo a wurin. An haramta sakin iskar cikin ruwan teku, an hana cusa wata shara a cikinta don a rabu da ita. Kowace ƙasa kuma tana da ikon cewa ba ta so a yi a ƙasarta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne batun alhaki, domin kamfani yakan mutu, iskar kuwa tana nan. Tun kafin a fara zubawa, dole kamfani ya ba da jingina ta kuɗi. Zai riƙa sa ido, yana kai rahoto aƙalla sau ɗaya a shekara. In an samu yoyo, shi zai gyara, ya kuma miƙa takardun izinin fitar da hayaƙi, waɗanda kamfanoni ke saya a Turai, daidai da abin da ya tsere. Bayan an toshe rijiyar da ake zuba iskar ta cikinta, nauyin yana wuyansa na aƙalla shekara 20, sai dai in hukuma ta gamsu tun kafin lokacin cewa iskar ta zauna daram. Daga nan gwamnati ta karɓa, shi kuma ya biya kuɗin sa ido na shekara 30.

A ganina shekara 20 ta yi kaɗan ga abin da ake so ya zauna shekaru dubbai. Amurka, a ƙa'idar da hukumar kare muhallinta ta fitar a 2010, shekara 50 ta yanka wa kamfani ya ci gaba da sa ido bayan an daina zubawa, ko da yake ana iya ragewa idan kamfani ya kawo hujja.