Yadda Kanada ta miƙa wa 'yan asalin ƙasarta ragamar nema wa mutanensu aiki

A Kanada, idan ɗan asalin ƙasa yana neman aiki, ba dole ne ya je ya bi layi a ofishin ƙwadago na gwamnati ba. Akwai ƙungiyoyi fiye da 100 na mutanensa, daga manyan birane har ƙauyukan da sai da jirgin sama ake shiga, waɗanda gwamnatin tarayya ke ba kuɗi su yi wannan hidima da kansu. Shirin da ke ɗaukar nauyinsu, na koya wa 'yan asalin ƙasa sana'a da shirya su don aiki, ana kiransa ISET a taƙaice, kuma ya fara aiki ne a watan Afrilun 2019.

Su wa ake nufi da 'yan asalin ƙasa? Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1982 ya ambaci al'ummomi uku. Akwai ɗaruruwan ƙabilun da a yau ake kira First Nations, akwai Inuit na can arewa mai ƙanƙara, sai Métis, zuriyar auratayya tsakanin Turawa masu fataucin fatu da matan ƙabilun, waɗanda daga baya suka zama al'umma mai harshenta da tarihinta. Ƙidayar 2021 ta nuna sun kai miliyan 1.8, kashi 5 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Saboda haka ɗan'uwanmu da ya taso daga Kano ko Damagaram, ko da ya samu fasfon Kanada, ba ya cikin wannan rabo. Baƙi suna da nasu ofisoshin daban.

Gwamnati ba ta koya wa kowa walda ko tuƙin babbar mota a wannan shiri. Abin da take yi shi ne ta sa hannu a yarjejeniya da ƙungiya, ta zuba mata kuɗi, ita kuma ƙungiyar ta duba irin ayyukan da ake nema a yankinta, ta tsara abin da ya dace. Kasafin kuɗin 2018 ya ware dalar Kanada biliyan 2 na shekara biyar, da miliyan 408.2 a duk shekara bayan haka. An raba kuɗin gida huɗu: First Nations, Inuit, Métis, sai mazauna birane da waɗanda ba su ƙarƙashin wata hukumar ƙabila. Daga cikin ƙungiyoyin, Cibiyar Gabriel Dumont a lardin Saskatchewan tana yi wa Métis aiki, Kakivak tana yi wa Inuit a yankin tsibirin Baffin, Miziwe Biik kuma tana cikin birnin Toronto.

A ɗauka ga wata uwa mai yara biyu a ƙauye mai nisa, tana son zama mai gyaran wutar lantarki. A takarda, abin da take bukata shi ne kuɗin makaranta. A zahiri kuwa ba ta ƙarasa sakandare ba, ba ta da lasisin tuƙi, makarantar tana gari mai nisan ɗaruruwan kilomita, kuma babu wanda za ta bar wa yaran. Kuɗin ISET na iya biyan karatun cike giɓi, da kuɗin tafiya, da na renon yara, da abin kashewa yayin horo, har da takalmi mai ƙarfe a baki da hular kwano da ba a shiga wurin gini sai da su. Idan ta gama, ƙungiyar na iya biyan wani ɓangare na albashinta na 'yan watannin farko don mai kamfani ya yarda ya gwada ta. Jami'in da ke bin lamarinta galibi ɗan yankin ne. Ya san cewa idan aka yi rasuwa a ƙauye kowa ajiye aikinsa yake, ya kuma san lokacin farauta ba hutu ba ne, abincin gida ake nema. Wasu ƙungiyoyin kan kawo dattawa cikin aji su yi nasiha.

Wanda bai san tarihin ba zai ce ai wannan gata ne. Yara kusan 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suka gudanar, inda aka hana su magana da harsunansu, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Mutumin da kakarsa ta fito daga can ba zai shiga ofishin gwamnati da sakin jiki ba. Hukumar binciken gaskiya da sasantawa ta fitar da shawarwari 94 a 2015, ta bakwai daga ciki ta nemi a kawar da ratar ilimi da ta aikin yi tsakanin 'yan asalin ƙasa da sauran jama'a.

A ganina, babban sauyin da ISET ya kawo bai tsaya ga yawan kuɗi ba, yana cikin tsawon yarjejeniyar, wadda aka mayar shekara goma. Tsarin ba sabo ba ne, ya samo tushe tun 1991, aka sake masa fasali a 1999 da 2010. Amma wanda ya gabaci ISET, da wa'adinsa ya cika a 2015, sai aka koma ƙara masa shekara ɗaya-ɗaya. Ƙungiyar da ba ta san ko tana da kuɗin baɗi ba, da wane baki za ta sa yaro a koyon sana'ar da ke cin shekara huɗu? Ƙwararrun ma'aikatanta ma gudu suke zuwa inda albashi ke da tabbas.

Akwai kuma batun lissafi. A 2018 babban mai binciken kuɗin gwamnati, Michael Ferguson, ya bayar da rahoton cewa ma'aikatar da ke kula da shirin ta kasa nuna ko tsohon shirin ya ƙara yawan masu samun aiki mai ɗorewa. Duk aikin da mutum ya samu, ko na ɗan lokaci ne, nasara ake rubutawa. Rabon kuɗin kuma da alƙaluman 1996 ake yin sa, alhali jama'ar sun ƙaru sosai. Sabon shirin ya sa wa kansa ma'auni: rage ratar ƙwarewa da kashi 50, ratar aikin yi da kashi 25, cikin shekara goma.

Ƙorafi bai ƙare ba. Yawancin 'yan asalin ƙasa ba a keɓaɓɓun filayen ƙabilu suke zaune ba, amma kason mazauna birane a kasafin 2018 bai wuce miliyan 213.4 na shekara biyar ba, yayin da na First Nations ya kai biliyan 1.1. Sannan horo ba ya haifar da aiki inda babu shi. A Nunavut, yankin Inuit da ke arewacin ƙasar, yarjejeniyar da Inuit suka ƙulla da gwamnati a 1993 ta ce ma'aikatan gwamnati su dace da yawan Inuit, waɗanda suka kai kusan kashi 85 na jama'ar yankin, amma shekara da shekaru kusan rabin kujerun kawai ke hannunsu, a manyan muƙamai kuwa abin ya fi haka ƙaranci. Yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu a 2019 za su cika a 2029, kuma a lokacin ne gwamnatin tarayya za ta zauna da ƙungiyoyin a kan waɗancan alƙaluma biyu, 50 da 25.