Waiwaye kan karrama matasan malaman jami'a masu binciken magunguna

Koyar da harhaɗa magunguna a Arewa ya girmi jami'o'inmu, domin tun a shekarar 1930 aka buɗe makarantar horar da masu ba da magani a Zariya, alhali ba a kafa Jami'ar Ahmadu Bello ba sai 1962. Abin da ake buƙata a wancan zamani shi ne ma'aikacin da zai auna magani ya miƙa wa majinyaci. Sai da karatun ya koma jami'a sannan aka fara sa ran malami ya yi bincike nasa na kansa.

A 1987 gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar binciken magunguna ta NIPRD, wadda ta samar da Niprisan, maganin da ke rage yawan tashin ciwon sikila. Daga cikin tsirrai huɗu da aka haɗa shi da su akwai masoro da kanumfari da wani nau'in dawa, abubuwan da kowace uwargida a Ringim ko Gumel ta sani. Sarrafa maganin ya yi ta samun tangarɗa daga baya, amma ya tabbatar da cewa abin da ke ɗakin girkinmu yana iya kaiwa matakin asibiti.

Karramawa kuwa ta zo a makare. Kamfanin gas na NLNG ya ƙirƙiro kyautar kimiyya ta ƙasa a 2004, kuma a 2017, lokacin da aka ware ta ga zazzaɓin cizon sauro, Dakta Chukwuma Agubata na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka yana cikin waɗanda suka ci, saboda aikinsa na amfani da man ogbono, ƙwallon da ake miya da shi, wajen isar da maganin zazzaɓi cikin jiki. Sai dai irin wannan kyauta tana zuwa ne bayan aiki ya kammala, haka ma tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, galibi gogaggun furofesoshi ne ke jagorantar nemansa. A Amurka, ƙungiyar kwalejojin harhaɗa magunguna tana ba sabon malami kuɗin fara bincike tun bai yi suna ba, kuma a ganina wannan ne ya fi dacewa da halin da muke ciki.

Dalilina yana kasuwannin ƙauye. A ranar kasuwar Maigatari za ka ga mai tallar magani ya baje ƙwayoyi a faranti cikin zafin bazara, ya yanka biyu daga katin magani ya sayar wa mahaifiyar da jikin ɗanta ke rau da zazzaɓi. Ko ƙwayar tana da sauran ƙarfi bayan makonni a rana, tambaya ce da ƙaramin malami a Kano zai iya amsawa da kuɗi kaɗan, in ya samu sinadaran gwaji da man janareta da kuɗin motar zuwa ɗebo samfur. Yawancin ƙananan malamai daga albashinsu suke cire waɗannan, shi ya sa da dama ke haƙura da binciken ko su nemi aiki a ƙasar waje. Gwamnatocin Kano da Jigawa da 'yan kasuwar magani na Dangwauro da ke Kano suna da halin ɗaukar nauyin irin wannan tallafi duk shekara, bisa sharaɗin a yi binciken kan magungunan da mutanen karkara ke sha.