Waiwaye: Ruwan da ke cin shinkafar Kebbi daga nesa yake tasowa

Duk wanda ya tashi a fadamar Argungu ko Suru ya san ruwan da ke cinye gona ba lallai ne a kansa aka yi shi ba. Wani lokaci sama tas take, taurari a waje, amma da asuba sai a tarar gulbi ya hau. Kebbi ce ƙarshen gangare. Gulbin Rima da na Sakkwato suna haɗuwa su bi ta Argungu da Birnin Kebbi, su karɓi na Zamfara da ya ratso Gummi da Jega, sannan duka su faɗa kogin Kwara.

A da cikar gulbi abin murna ne. Kakanninmu suna da irin shinkafar da ke miƙewa tare da ruwa, yana hawa tana hawa, idan ya janye kuma ya bar laka mai taki da kifi a tafkuna. Sai zamanin madatsun ruwa ya zo: Kainji a 1968, wadda ta tashi ƙauyuka da dama a ƙasar Yawuri, Bakolori a 1978, sannan Goronyo. Daga nan cikar gulbi ta daina bin lissafin da manomi ya gada. Hadarin Agusta yana kallonsa da idonsa, amma ranar da za a buɗe ƙofar dam ba ya cikin masu sani.

A Satumbar 2010 ruwa ya fi ƙarfin Goronyo, ya shafe garuruwa a Sakkwato ya gangaro Kebbi. A 2012 kusan duk Najeriya ta sha ambaliya, mutum 363 suka rasu, sama da miliyan biyu suka bar gidajensu.

Ambaliyar da ta fi tsaya mana a rai ita ce ta 2020. A lokacin shekara biyar ke nan da Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance, mutane sun ci bashi sun zuba a shinkafa, gona har bakin gulbi. Sai ruwa ya kwanta a kan kimanin hekta 450,000. Na ga dattijo a kwalekwale, lauje a hannu, yana lalubar zangarniya a ƙarƙashin ruwa. Abin da ya ciro bai cika kwando ba, shi ma ya soma wari. Bashi kuwa yana nan yana jiransa. Bayan shekara huɗu, a 2024, Gummi ce ta kwana cikin ruwa.

Kowace shekara hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, da hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, suna fitar da hasashe tun kafin damina, kuma sunan Kebbi ba ya ɓacewa a ciki. Abin da ke damuna shi ne tazarar da ke tsakanin takardar Abuja da kunnen mai unguwa. A ce a ƙaura, zuwa ina? Da wane guzuri?

Kafin a cike wannan giɓi, mutanen bakin gulbi suna riƙe da dabarunsu. Ana kafa sanda a gaɓa, a duba ta safe da yamma. Idan gindin katangar ƙasa ya jiƙe ya yi duhu, ba a bari yara su kwana a ɗakin. Hatsi da awaki su ake fara kaiwa tudu. Mai babur da ya iske ruwa na gudu a kan kwalbati ya tsaya ya jira, domin wanda bai wuce gwiwa ba ma yana kayar da ƙato, kuma ba ya nuna inda hanya ta zabtare.