Yawan Masu Amsawa Ba Ya Nuna Wanda Zai Ci Zaɓe

An daɗe ana ɗauka cewa idan dubban mutane suka amsa ƙuri'ar jin ra'ayi, sakamakonta muryar ƙasa ce. Ba haka ba ne. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshi sama da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa, amma Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta yi kuskure ne domin ta fi samo sunaye daga masu tarho da masu mota, kuma waɗanda suka ga dama kaɗai suka amsa. Ƙuri'ar da kafar yaɗa labarai ta magoya bayan jam'iyya ke yi wa masu karatunta ta fi wannan rauni, saboda 'yan gida ne ke tambayar 'yan gida, kuma sau da yawa mutum ɗaya yakan amsa fiye da sau ɗaya.