Takin fesa wa ganye: yaushe yake biyan kuɗinsa?

Tunda buhun taki ya yi tsada, shagunan kayan gona suka cika da robobi da leda-leda na takin da ake narkarwa a ruwa a fesa wa shuka. Wasu masu sayarwa har cewa suke yi roba ɗaya ta maye gurbin buhu biyu. Ga tambayoyin da manoma suka fi yi a kai.

Da gaske ne ganye yana shan taki?

Yana sha. A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda shuka ke numfashi da su, kuma a yawancin shuke-shuke sun fi yawa a bayan ganyen. Ta nan, da ta fatar ganyen kanta, abincin da ya narke a ruwa yake shiga. A shekarun 1950 masana a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, irin su Tukey da Wittwer, sun yi wa sinadaran taki alama suka bi sawunsu, suka ga sun ratsa ganye sun bazu cikin shuka. Don haka ba a gardama kan ko yana shiga. Gardamar tana kan yawan abin da zai iya shiga.

To zan iya barin kamfa da yuriya in koma feshi kawai?

A'a, kuma lissafi ne zai nuna maka dalili. Shawarar da aka saba ba manoman masara a yankinmu na Arewa ita ce kimanin kilo 120 na naitirojin, sinadarin taki da ke sa shuka girma da koren ganye, a hekta ɗaya. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata ne naitirojin, wato idan da ita kaɗai za a cike wannan buƙata, sai an zuba buhu biyar da ɗoriya masu kilo 50.

Ganye kuwa ba ya jure ruwa mai kauri. Yuriyar da ake fesawa ba a cika wuce kashi 2 cikin 100 ba, wato giram 400 a famfon goyo mai lita 20. Idan ka fesa lita 200 a hekta, kilo 4 na yuriya ka sa, naitirojin ɗin cikinsa bai kai kilo 2 ba. Ina 2, ina 120? Ko feshi goma ka yi ba ka kama ƙafar abin da masara ke nema ba, ga kuɗin ƙwadago, ga jidar ruwa. Saiwa ce bakin shuka. Wanda ya ce maka roba ɗaya ta isa gona, kasuwarsa yake ci.

Idan haka ne, ina amfaninsa yake?

A wajen sinadaran da shuka ke buƙata kaɗan-kaɗan, kamar yadda miya ke buƙatar gishiri: zinki, boron, ƙarfe, manganis. Waɗannan giram ɗaruruwa ne kacal amfanin gona ke ɗauka a hekta, saboda haka feshi ɗaya ko biyu zai iya cike gurbin.

Akwai kuma lokacin da abincin yana cikin ƙasa amma saiwa ta kasa ɗauka. A ƙasa mai kanwa, ƙarfe da zinki kan daskare, ko ka zuba a gindi ba za su kai ga shuka ba. Za ka ga sabon ganye ya yi rawaya amma jijiyoyinsa na nan kore, wannan alamar rashin ƙarfe ce. Masara mai ƙarancin zinki takan fito da faffaɗan zane fari-fari a sabbin ganyaye, ta kuma tsumbure. Shinkafar da ke zaune cikin ruwa ma takan sha wannan matsala makonni kaɗan bayan dashe, ganyen ya yi ɗige-ɗige masu launin tsatsa. Haka idan ruwa ya kwanta a gona kwana da kwanaki, saiwa ta galabaita, ɗan feshin yuriya zai iya riƙe shukar kafin ƙasa ta tsane. A irin waɗannan wurare sauƙin yakan bayyana cikin 'yan kwanaki.

Sai dai rawayar ganye ba dalili ɗaya gare ta ba. Idan tsofaffin ganyayen ƙasa ne suka fara, galibi yunwar naitirojin ce, maganinta a gindi yake. Cuta ma takan kawo rawaya, wuta-wuta ma haka. Kafin ka kashe kuɗi, nuna wa malamin gona, ko ka kai ƙasarka gwaji idan da hali. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke Zariya da wasu jami'o'i suna da ɗakunan gwajin ƙasa.

Tumatir ɗina yana baƙi ta gindi, an ce in fesa kalsiyam. Zai yi?

Masu noman rani na Kura da Kadawa sun san wannan ciwo. Gaskiya ne ƙarancin kalsiyam a cikin ɗan tumatir ne ke jawo shi, amma kalsiyam yana tafiya ne da ruwan da saiwa ta ja, kuma wanda ya sauka a kan ganye ba ya komawa cikin 'ya'ya. Mafi yawan lokaci laifin na ban ruwa ne: yau a cika, sai a bar gona ta ƙeƙashe, sannan a sake cikawa. Daidaita ban ruwa ya fi kowace roba aiki. Gyaɗa ma haka take, kwansonta daga ƙasar da yake kwance yake shan kalsiyam kai tsaye.

Wane lokaci ake fesawa?

Da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya, lokacin da iska ta lafa. Da rana tsaka ruwan kan bushe nan take, ya bar gishirin taki ya ƙone ganye. Kada a fesa wa shukar da ƙishi ya sa ta yi yaushi, kuma idan hadari ya haɗu a dakata, domin ruwan sama zai wanke kuɗinka. A sa ruwan ya taɓa bayan ganye. Albasa da kabeji ganyensu na da santsi, ruwa zamewa yake yi, sai an haɗa da maganin da ke sa feshi ya manne.

Me ya fi ƙona wa mutane gona?

Ƙarin awo. Mutum ya ga an rubuta murfi biyu, ya zuba huɗu don ya fi ƙarfi. Boron musamman ba ya yafiya, tsakanin isarsa da zamansa guba tazarar kaɗan ce. Na biyu, famfon da aka fesa maganin ciyawa da shi ba a wanke sosai ba. Na uku, haɗe-haɗe: kalsiyam idan ya gamu da taki mai fosforas ko salfa sai ya guntse ya toshe bakin famfo. Duk abin da za ka haɗa, fara gwadawa a ƙaramar kwalba, sannan ka fesa wa kunya ɗaya ka jira kwana biyu ko uku.

Ta yaya zan san ko na ci riba?

Koren ganye yana ruɗin ido, kuma ba ganye ake kaiwa kasuwa ba sai ga mai alayyahu ko latas. Ware kunyoyi kaɗan a tsakiyar gona kada ka fesa musu, amma ka yi musu duk sauran hidimar daidai da 'yan uwansu. Ranar girbi ka auna nasu daban, ka auna na kunyoyin da ke kusa da su masu tsawo ɗaya. Bambancin ka mayar da shi kuɗi a farashin kaka, ba na bazara ba, ka cire kuɗin roba, ladan mai feshi da na ɗiban ruwa. A kayan lambu masu daraja kamar tumatir, tattasai da kankana, ƙarin kwando kaɗan kan biya wannan. A gero da dawa kuwa, inda ribar buhu ba ta da yawa, sau da yawa kuɗin sun fi amfani idan aka sayi ƙarin tiyar yuriya ko aka kai amalanken takin gida.