Fitar da katako kaɗan zuwa ƙasashen waje

Fitar da katako kaɗan shi ne aika katakon da bai kai ya cika kwantena ba daga wata ƙasa zuwa wata, ta jirgin ruwa ko na sama ko ta kamfanin isar da saƙo. Masu sayensa yawanci ƙananan masu sana'a ne: maƙera jita da goge, masassaƙa, kafintocin kayan alatu, da 'yan kasuwar da ke son ganin samfuri kafin su yi babban oda. Abin da ya bambanta wannan ciniki da sauran shi ne ƙanƙantar kaya ba ta rage takardu. Falanki goma da kwantena goma kusan duk ƙofa ɗaya suke bi a wajen kwastan da jami'an lafiyar tsirrai.

Hanyoyin dako

Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kimanin kubik mita 33, mai ƙafa 40 kuma kimanin 67. Wanda kayansa bai wuce kubik mita ɗaya ko biyu ba sai ya shiga haɗaka, wato wakilin dako ya tara kayan mutane da dama a kwantena guda, abin da 'yan harkar ke kira LCL. Ana lissafin kuɗin ne da girma ko nauyi, duk wanda ya fi yawa, bisa ƙa'idar kubik mita ɗaya daidai da kilo 1,000. Ga yawancin kaya girma ne ke rinjaye. Amma akwai itatuwan da ke nutsewa a ruwa saboda nauyi, irin su tabum, wanda kubik mitansa ya haura kilo 1,000, kuma a nan nauyi ake biya.

Kuɗin teku kansa shi ne ƙarami a lissafin. Kuɗin loda kwantena da sauke ta, da na takardu, da ladan ejan, da kuɗin ajiya idan kaya ya kwana a tasha, yawancinsu ba sa raguwa don kayan ya yi kaɗan. Shi ya sa ƙaramin kaya ke iya isowa da kuɗin dakon da ya fi farashin katakon. Saboda haka wanda nasa bai wuce 'yan kilo ba gara ya bi ta kamfanin saƙo. Su kuma sukan ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da 5,000, su gwada da ainihin nauyi, su karɓi kuɗin wanda ya fi yawa. Ƙunshi mai santimita 100 da 20 da 20 zai ba da kilo 8 a wannan lissafi, alhali idan tabum ne a ciki ya kusa kilo 50.

Ƙwari da lafiyar tsirrai

Tsananin da ƙasashe ke yi kan ɗanyen itace yana da dalili. A 1996 aka gano wani ƙwaro mai dogayen ƙahoni ɗan asalin Asiya a Burukilin ta birnin New York, a 2002 kuma aka gano wani koren ƙwaro a jihar Michigan wanda ya kashe miliyoyin bishiyoyi a Amurka da Kanada. Ana ganin duka biyun a cikin katakon ƙunshe kaya suka shigo. A Fotugal ma an gano wata tsutsa mai kashe bishiyar fain a 1999.

Don haka ƙasar da za a kai wa kaya takan nemi takardar shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar ƙasar da ya fito, wasu kuma har da izinin shigowa tun kafin a loda. Ostireliya da New Zealand na cikin waɗanda suka fi tsanani. Ɓawo shi ne babban abin da ake ƙi, domin a ƙarƙashinsa ƙwari ke ɓuya su yi ƙwai, kuma ɗan ɓawo a gefen falanki ɗaya ya isa a tsare kayan duka.

Akwai wata ƙa'ida ta daban ta ƙasa da ƙasa mai suna ISPM 15, da aka amince da ita a 2002. Ita ba katakon sayarwa ta shafa ba, akwatin da aka zuba shi da dandamalin da aka ɗora shi ne. Dole a gasa su har tsakiyarsu ta kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a yi musu hayaƙin magani, sannan a buga hatimi. Sabon shiga sau da yawa a nan yake faɗuwa: ya gyara takardun katakonsa tsaf, sai ya sa kafinta ya haɗa masa akwati da ɗanyen itace.

Itatuwan da doka ta kare

Nan ne al'amarin ya fi nauyi, domin itacen da ya cancanci a biya masa dakon 'yan kilo yawanci mai tsada ne, mai tsada kuwa shi ne wanda aka sare har ya yi ƙaranci. Yarjejeniyar CITES ta kare dabbobi da tsirran da ke neman ƙarewa, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973, ita ke tsara cinikinsu. Daga watan Janairun 2017 aka sa dukkan dangin itacen da kimiyya ke kira Dalbergia a rukuninta na biyu, wato waɗanda sai da izini ake cinikinsu, ban da na Brazil wanda ke rukuni na ɗaya, mafi tsanani, tun 1992. Tabum yana cikin wannan dangi. Shi ne 'yan Tanzaniya ke kira mpingo, kuma daga can da Mozambik ake aika gutsattsarinsa zuwa Turai don ƙera kayan busa irin su kilarinet da obo. A 2019 an sassauta wa kayan kiɗan da aka gama ƙerawa, da ƙerarrun kaya da itacen cikinsu bai wuce kilo 10 ba. Sassaucin bai haɗa da katakon da ba a sarrafa ba. Shi ko guntu ɗaya ne sai da izini.

Bishiyoyin da Bahaushe ya sani su ma sun shiga. Madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira kosso, ta shiga rukuni na biyu a 2017 bayan an yi mata saran ƙare dangi a Afirka ta Yamma don kasuwar Sin, kuma a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. A taron Panama na 2022 aka ƙara maɗaci da kawo na Afirka. Ban da wannan, katako na cikin jerin kayan da kwastan ɗin Nijeriya suka hana fitarwa, gungume ne ko yankakke.

Ƙasashen da ke saye ma suna da nasu dokokin. Amurka ta faɗaɗa dokar Lacey, mai hana cinikin dabbobi da tsirran da aka samo ba bisa doka ba, a 2008 ta haɗa da katako, kuma a ƙarƙashinta kamfanin jita na Gibson ya biya tarar dala 300,000 a 2012 kan baƙin itacen Madagaska. Tarayyar Turai ta fara aiki da tata dokar a watan Maris na 2013, wadda ta ɗora wa mai shigo da kaya nauyin tabbatar da cewa an sare shi bisa doka. Shi ya sa ake rubuta sunan itace na kimiyya a takardu. Sunan kasuwa ɗaya na iya rufe bishiyoyi da yawa, wata halal wata haram.

Danshi da ƙunshi

Katako yana shan danshi yana kuma saki, gwargwadon iskar da ke kewaye da shi. Wanda ya bushe a iskar Legas ko Duwala bai bushe ba a ɗaki mai ɗumama a Jamus, kuma da ya isa zai ci gaba da tsukewa har ya tsage ko ya karkace. Masu kayan ɗaki a Amurka sukan nemi wanda aka busar a tanda zuwa danshi kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Ana shafe bakin kowane guntu da kaki domin ta nan ruwa ya fi saurin fita. A cikin kwantena kuwa, zafin rana da sanyin dare na sa raɓa ta taru a rufi ta ɗigo kan kaya, don haka ake sa buhunan shan danshi, a rufe saman kayan, a ɗaure falankan da ƙarfi a kan dandamali mai hatimi yadda ba za su taɓa ƙasan kwantenar ba.